Gashin kansar nono na sau ɗaya da ake yi a ɗakin tiyata, Yayata zata iya yinsa? Dan Allah masu sani

Ummu Sadiq:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka sani ko suka taɓa shiga irin wannan hali, kuyi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo.

Yayata ce shekararta 46, aka gano tana da kansar nono ɓangaren hagu. An mata tiyata an cire ƙarin an bar nonon, amma da aka kai abinda aka ciro a hammatarta gwaji sai akace ciwon ya taɓa kaluluwa guda 3. Tayi kemo ta gama Alhamdulillah, ta sha wuya kam amma ta gama har sumarta ta fara dawowa. Yanzu likitanta ya turata sashen gashi, inda ake kashe ciwon da hasken na'ura, yace za'a mata sau 15 sannan a ƙara mata wasu 'yan kwanaki a daidai gurbin da aka cire ƙarin.

To anan rigimar ta taso. Ƙanin mijinta ya turo wani bidiyo a guruf ɗin gida ana nuna wani gashi na zamani da ake yi sau ɗaya tak, wai wata 'yar ƙwallo ake sakawa cikin nonon ta gasa wajen ciwon kawai bata taɓa sauran jiki ba shikenan an gama, babu jeka ka dawo. Tun daga ranar dangin mijin suka dage wai kar a yarda da na nan, a sayar da fili a kaita Indiya ko Masar a yi wancan. Ita kuma dama a tsorace take saboda wata maƙociyarsu ta ce mata gashi ƙone mutum yake yi kuma tunda hagu ne zuciyarta zata lalace, ga autarta 'yar shekara 4 da bata barci sai a jikinta ance mata wai ba zata ƙara ɗaukarta ba sai bayan wata da watanni. Ni dai kaina ya kulle wlh. Wancan na bidiyon gaskiya ne? Idan gaskiya ne ya fi wanda za'a mata anan? Mu jira a haɗa kuɗin ko ta fara?

Maman Walid:

Wa alaikumus salam. Allah ya bata lafiya yasa kaffara ne. Ni ban san komai akai ba amma dai kar ku yanke hukunci da bidiyon WhatsApp, ku kai wa likitan bidiyon ya gani da idonsa. Bari in kira Abu Haidar nan, a sashen yake aiki.

Abu Haidar:

Amin wa alaikumus salam. 'Yar uwa Allah ya ba Yaya lafiya. Ni ba likita bane, ina cikin masu kwantar da majinyaci a kan na'ura su kunna, to abinda zan faɗa ki ɗauke shi a matsayin ƙarin haske, maganar ƙarshe ta likitan da yaga takardunta ce.

Bidiyon ba ƙarya bane, abin akwai shi. Sunansa TARGIT, na'urar da ake yi da ita Intrabeam ce ta kamfanin Zeiss na Jamus, kuma wani farfesan tiyata a Landan mai suna Jayant Vaidya shi da abokan aikinsa suka jagoranci babban binciken da aka yi a kai, an fara tun 2000, sakamakon dogon lokaci na mata 2298 ya fito 2020. Yadda ake yi shine ana cire ƙarin, tun majinyaciya tana barcin allura ba'a ɗinke ba, sai a zura wannan ƙwallon a cikin ramin da ƙarin ya bari a kunna kamar minti 20 zuwa 50 a cire a ɗinke. Hasken baya tafiya nisa, naman da ke zagaye da ramin kawai yake samu.

To kinga matsala ta farko kenan, LOKACIN TIYATA ake yinsa. Yaya an riga an mata tiyata ciwon ya warke har tayi kemo a kai. A binciken ma akwai rukunin matan da aka sake buɗe musu wajen daga baya aka saka musu, sakamakonsu bai kai na waɗanda aka yiwa a tiyatar farko kyau ba.

Ta biyu kuma wadda ta fi muhimmanci, ba kowace mace aka yi shi dominta ba. An yi shi ne don wadda aka kama ciwonta da wuri, ƙarin ƙarami, shekarunta 45 zuwa sama. Kuma ko a cikin waɗannan da aka tace aka zaɓa, kusan 1 cikin 5 da sakamakon gwajin naman ya dawo aka ga akwai abin damuwa sai da aka sake musu gashin waje na kullum ɗin nan da ake gudu. Komawar ciwo a nonon cikin shekara 5 kuwa kusan 2 cikin 100 ne a masu na sau ɗaya, kusan 1 cikin 100 a masu na kullum. Wato duka biyun sunyi kyau, amma ba wai na sau ɗayan ya fi ƙarfin kashe ciwo bane, sauƙi ya fi. Har yanzu ma likitocin kansu basu gama jayayya a kansa ba, a Ingila da aka ƙirƙire shi ba ko'ina ake yi ba.

Idan kuɗin cizo a katifa ɗaya kika gansu kina iya feshe katifar kawai ki huta, amma ranar da kika fara ganinsu a kujera da tsagar bango ai ɗakin duka ake feshewa. Ciwon Yaya ya riga ya fita daga nono ya je hammata, kaluluwa 3. Mai irin wannan ana so hasken ya rufe nonon gaba ɗaya, sau da yawa har da kaluluwar da ke saman ƙashin wuya, ita kuwa 'yar ƙwallon can bata kaiwa nan ko kusa. Ko kun je Indiya, likitan kirki abinda aka rubuta mata anan shi zai rubuta mata, sai dai ku biya kuɗin jirgi da masauki da tafinta a kai. Wanda kuma yace muku zai yi mata na sau ɗaya a haka, ku riƙe kuɗinku.

Sannan dan Allah a daina ganin kamar na kullum ɗin watsa wuta ake yi ko'ina. Shima saiti ne. Kafin a fara sai an mata sikanin CT tana kwance hannu a sama yadda zata riƙa kwanciya kullum, likita ya zauna a kwamfuta ya zana inda ake so hasken ya shiga ya kuma zana zuciya da huhu yace nan a kauce, masana lissafin na'ura su tsara ta wace kusurwa zai shigo, shi yasa ake ɗaukar kwanaki tsakanin sikanin da ranar farawa, mutane su ɗauka an manta da su ne. Sau 15 ɗin da aka rubuta mata shine tsarin da ake yi yanzu a yawancin duniya, Gire 40 a sati 3, Gire shine ma'aunin hasken zaki ga an rubuta Gy a katinta. A da Gire 50 ake yi sau 25 sati 5 cur, sai binciken START na Ingila ya nuna gajeren yana aiki daidai da dogon kuma fata ma ta fi samun sauƙi. Ƙarin kwanakin da akace za'a yi a gurbin ƙarin kuma saboda shekarunta ne, mata 'yan ƙasa da 50 sun fi amfana da shi don ciwon ya fi saurin komawa a wajensu.

Abinda ya fi damuna a labarinki jiran ne. Bayan kemo na ƙarshe 'yan makonni ake so a fara, ba watanni ba. Kafin a samu mai sayen fili a yi ciniki a yi fasfo a nemi biza, lokaci ya tafi. A 2011 an tattara bincike 17 na mata sama da 10,000 da aka cire musu ƙari aka bar nono, waɗanda ba'a yiwa gashi ba kusan 35 cikin 100 ciwon ya dawo musu cikin shekara 10, waɗanda aka yiwa kusan 19 cikin 100. Kusan rabi fa kenan. Barin nono da gashi tare suke tafiya, ba'a ɗaukar ɗaya a bar ɗaya.

Maganar yarinya kuwa ta ɗauki abarta ta goya ta kwana da ita. Ana kashe na'ura hasken ya ƙare, ba ya zama a jiki, babu abinda zata shafa wa kowa, ba 'ya ba ba miji ba. Abu ɗaya dai, kar ta ɗauki ciki a wannan lokacin, idan ma tana zargin akwai ta faɗa kafin a fara.

Hajiya Ta Gwammaja:

Ƙanwata ni nan da kike gani an min, nawa dama ne kuma cire min nonon akayi gaba ɗaya, duk da haka sai da aka gasa ƙirjin da wuya saboda nima ya taɓa hammata. Ki faɗa wa Yayarki wanda ya iya shanye kemo gashi ba komai bane a wajensa wlh. Ba zafi ba allura ba amai, kwanciya kawai zakiyi a ɗaki mai sanyin tsiya su daidaita ki da wasu layukan jan haske su fita su barki, na'urar ta zagayo tana ƙara ɗiii ta tsaya, kafin ki gama salati goma sun dawo. Cire kaya da daidaitawar ya fi gashin kansa daɗewa, zaman layi kuma ya fi su duka.

Amma ba zan ɓoye miki ba fata tana canzawa. A takardun da suke bayarwa an rubuta wai fata zata yi ja, mu baƙaƙe ba ja take yi ba, baƙi ƙirin take ƙarawa ta bushe tayi ƙaiƙayi, ni a ƙarshe ƙarshe hammatata har ta ɗan saluɓe tana ruwa suka bani magani da abin rufewa. Kuma abinda ba wanda ya gaya min sai da na gani, bayan an GAMA ne abin ya fi tsananta, sati ɗaya zuwa biyu bayan na ƙarshe, na ɗauka wani sabon ciwo ne na koma asibiti a guje nas ɗin tace haka yake yi. Daga nan ya fara warkewa, fatar ta saɓe sabuwa ta fito, har yau wajen ya ɗan fi sauran jikina duhu amma wa ke gani.

Ki tsare ta daga masu kawo magani, nan ne aikinki. Kar a gasa mata wajen da ruwan zafi irin na masu jego, kar a sa man zafi, kar a goga soso, kar turare ya taɓa wajen, kar ta sa rigar nono mai ƙarfe, riga mai laushi ta auduga sakakkiya ita ce daidai. Wanka kuwa tayi abinta kullum da ruwan ɗumi da sabulu mara ƙamshi ta ɗan dangwale da tawul, sai dai ta kula da alamar da suka zana mata kar ta goge. Duk man da zata shafa ko da man kaɗanya ne ta nuna musu tukuna. Gajiya kuma zata yi, irin gajiyar da kina zaune baki yi komai ba amma kamar kin yi dakan gero, to a ɗauke mata girki da wanki kar ace lalaci ne. Ta kuma dage da motsa hannun nan da aka koya mata bayan tiyata, don idan kafaɗa ta ƙage ɗaga hannu sama a kan na'ura wahala ne.

Ɗan Baiwa:

Ni fa a ganina duk wannan wahalar da kashe kuɗi ne, akwai masu maganin gargajiya da na Musulunci da suke warkar da daji ba yanka ba ƙuna, Bature kasuwancinsa kawai yake. A haɗa ta da habbatus sauda da zuma da ganyen tawatawa a gani mana.

Hajiya Ta Gwammaja:

Malam Ɗan Baiwa kaji tsoron Allah. Ka taɓa zama a layin sashen kansa kaga matan da ake kawowa nono ya fashe yana wari bayan an shekara ana shafa musu ganye? Ni na zauna da su, wasu mun yi musayar lamba yau babu su. Addu'a da zuma ba wanda ya hana, nima na sha na kuma yi, amma tare da asibiti. Wannan baiwar Allah saura mata mataki ɗaya ta gama kace ta tsaya a gani?

Anti Bilki UK:

Salam. Ni a Ingila nake kuma an min gashi sau 5 kacal, Litinin zuwa Juma'a aka gama, to bari in ɗan ƙara akan maganar Abu Haidar don kar wani ya ji 5 ya ce an cuci Yaya da 15. Nawa a gwajin hoton nono da ake kiran mata 'yan 50 zuwa sama duk shekara 3 aka gano shi, ni ko jinsa ban yi da hannu ba don ƙanƙanta, kuma hammata lafiya lau. Tsarin sau 5 ɗin daga wani bincike ne FAST-Forward da ya fito 2020 daidai lokacin korona, Gire 26 a sati ɗaya, asibitoci suka karɓe shi da sauri don rage zirga zirga. Amma asalin binciken akan nono ne da bangon ƙirji, shi yasa wurare da yawa idan za'a haɗa da kaluluwa suke tsayawa akan 15. Akwai wata 'yar Sudan da muke haɗuwa a wajen, asibiti ɗaya na'ura ɗaya likita ɗaya, ni 5 ita 15, saboda nata ya taɓa hammata kamar na Yaya. Kinga ba maganar ƙasa bace ko kuɗi, maganar inda ciwon ya kai ne.

Nima na tambayi na sau ɗayan nan kafin tiyata don na gani a jarida, likitar tace basa yi a asibitinsu.

Ke kuma Ummu Sadiq da sauran 'yan uwanku mata ku riƙa duba kanku, Yaya ta samu tana ƙasa da 50, ku faɗa wa likita ya gaya muku yaushe ya kamata ku fara hoto. Duk waɗannan sauƙaƙan hanyoyin da ake gani a bidiyo masu zuwa da wuri ne ke cin moriyarsu, mu kuma a gida yawanci sai mataki na 3 ko na 4 ake zuwa.

Ummu Sadiq:

Kai jama'a na gode Allah ya saka da alheri, wlh har na ji wani nauyi ya sauka. Hajiya na karanta mata naki ta waya tana ta dariya wajen salati goma. Abu Haidar saura maganar zuciyar dan Allah, ita ce ta fi tsaya mata a rai, kuma a ina ake samun irin na'urar da take saitin nan? Mu a Zariya muke.

Abu Haidar:

Maganar zuciya ba ƙirƙira bace, tana da tushe. Akwai binciken da ya fito 2013 akan matan Suwidin da Denmak da aka yiwa gashi tsakanin 1958 da 2001, aka ga yawan hasken da ya taɓa zuciya yawan haɗarin ciwon zuciya a shekarun da suka biyo baya. Amma ki duba shekarun, da yawansu an musu ne kafin a fara tsarawa da CT. Yanzu kwamfuta tana nuna adadin da zuciya zata samu tun kafin a kunna komai, idan yayi yawa a canza tsarin. Akwai kuma dabarar riƙe numfashi, zata ja iska ta cika ƙirji ta riƙe kamar daƙiƙa 20, huhu ya kumbura ya tura zuciya baya nesa da nono, a wannan lokacin ake sakin hasken, ta saki numfashi a tsaya, a sake. Ba kowace cibiya ke da kayan yinsa ba amma ta tambaya, kuma ta fara gwadawa a gida tun yanzu tana kwance hannu a sama, ba asara. Ta kuma gaya musu idan tana da hawan jini ko suga, da irin kemon da aka mata, don jan ruwan nan da ake sakawa da allurar Herceptin suma suna da ruwa da zuciya, likitan gashi yana so ya san duka.

Wuraren da aka sani da gashi akwai asibitin koyarwa na Shika nan kusa da ku, akwai na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, Babban Asibitin Ƙasa a Abuja, cibiyar kansa ta NSIA da ke asibitin koyarwa na LUTH a Legas, asibitin koyarwa na UCH Ibadan, sannan a 2025 an buɗe sabuwar cibiya a asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina. Na'ura iri biyu ce, linak da kobal, linak ta fi iya lanƙwasa hasken yadda ake so amma kobal ma tana aiki idan an tsara da kyau. Shawarata ko ina zaku je a ƙasar nan ku fara bincika ta bakin likitanku ko na'urar tana aiki a wannan satin da kuma tsawon layi, kar ku ɗauki mara lafiya ku hau mota a kan jita jita. Idan aka fara kuma kar ta tsallake rana don biki ko suna ko don fata ta fara duhu, idan dole ta sa aka rasa rana su zasu lissafa yadda za'a cike.

Ku tambayi ofishin walwalar majinyata akan asusun tallafin masu kansa na gwamnatin tarayya, ya shafi kansar nono da ta bakin mahaifa da ta furostet, ku cike takardar ko da zai ɗau lokaci. Kuɗin filin can idan ma an sayar akwai inda zai yi amfani, idan gwajin naman ya nuna tana buƙatar Herceptin wannan allurar tana da tsada sosai, idan kuma mai jin homon ne akwai ƙwaya irin tamoxifen da zata sha shekara 5 ko fiye. Ki duba takardar gwajin ki ga an rubuta ER da PR da HER2, su ke nuna ko mai jin homon ne ko tana buƙatar Herceptin, idan babu ku tambaya.

Ɗan Maraɗi:

Allah shi ba ta lahiya. Mu nan Nijar sai 2021 anka buɗe wurin gashi na farko a Yamai da taimakon hukumar nukiliya ta duniya, kahin nan sai mai hali ya hita waje. Innata can anka yi mata, wahalar da munka sha ta masauki ce da abinci ba ta gashin ba, in za ku nesa da gida ku nemi wurin kwana kusa da asibitin tun kahin a sa muku rana, kuma a samu mace guda da za ta zauna da ita har a gama.

Ummu Sadiq:

Amin na gode Malam. Na tura wa mijinta bayanin Abu Haidar gaba ɗaya, ya kira likitan shima kusan abinda ya faɗa masa kenan, yace a bar maganar fili. Ƙanin nasa dai har yanzu yana ta ƙunƙuni a guruf amma ba shi zai kwanta a na'urar ba. An bamu ranar sikanin CT sati mai zuwa. Hajiya akwai abinda ya kamata mu tafi da shi ranar?

Hajiya Ta Gwammaja:

Duk takardunta, na tiyata da na gwajin nama da katin kemo, ku yi hotokofi ku riƙe naku don wani lokacin idan suka karɓa sai an sha fama. Ta sa riga mai maɓalli a gaba da zani ko siket, kar ta sa doguwar riga don daga ƙugu zuwa sama ake cirewa, sarƙa da ɗan kunne a barsu a gida. Idan tana jin nauyin maza ta faɗa tun a ƙofa a haɗa ta da ma'aikaciya mace in akwai, ni na faɗa kuma ba wanda ya min kallon banza. Ku tafi da ruwa da ɗan abin taɓawa da cajar waya, ku fita da sassafe.